Keken lantarki na masu lalurar tafiya: Mai ƙafa uku ko mai ƙafa huɗu ne ya dace da unguwar Sabo ta Ibadan?

Iyalin da suka haɗa kuɗi domin saya wa mahaifinsu da ya samu shanyewar ɓarin jiki keken lantarki, ko kuma magidancin da cutar shan inna ta raunana masa ƙafafu tun yana yaro, sukan tarar da tambaya guda a gaban mai sayarwa: mai ƙafa uku ake so ko mai ƙafa huɗu? Da yawa sukan amsa ta hanyar duba farashi ko kyan fenti. Amsar da ta fi inganci tana kan hanyar da keken zai riƙa bi kullum, tun daga dokin ƙofar ɗaki har zuwa masallaci, kasuwa ko asibiti, kuma a unguwa irin Sabo wannan hanya tana da nata sharuɗɗan.

An kafa Sabo a shekarar 1916 a matsayin mazaunin Hausawa a birnin Ibadan, ta kuma bunƙasa da fataucin goro da na shanu. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa littafinsa a kanta a 1969, ya nuna cewa tun a wancan zamani makafi da guragu da kutare suna da shugabanninsu da tsarinsu a cikin al'ummar. Ke nan batun abin hawa ga mai raunin ƙafa daɗaɗɗe ne a Sabo. Abin da aka saba gani shi ne keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda masu walda ke ƙerawa, sai kuma babur da aka ƙara wa tayoyi. Keken lantarki shi ne baƙon da ke shigowa, galibi na hannu daga ƙasashen waje.

Yadda keken yake

Wani Ba'amurke mai suna Allan Thieme ne ya ƙera samfurin farko da ya shahara a jihar Michigan a 1968, domin wata daga cikin iyalinsa da ciwon jijiyoyi ya hana tafiya. Har yau tsarin bai sauya sosai ba: kujera a kan faffaɗan dandamali, abin tuƙi a gaba irin na babur, injin lantarki da ke juya tayoyin baya biyu, da batir a ƙarƙashin kujera. Bambancin yana gaba ne, inda wani ke da taya ɗaya a tsakiya, wani kuma biyu kamar na mota.

Keken ba na gudu ba ne. A Ingila doka ta raba shi gida biyu: wanda bai wuce kimanin kilomita 6 a awa ɗaya ba, na bin gefen hanya tare da masu tafiya a ƙasa, da wanda ke kaiwa kusan kilomita 13, wanda aka yarda ya hau titi. Wannan ma'auni ya isa ya tunatar da mai hawa cewa bai kamata ya yi gogayya da 'yan acaba da tasin Micra a shataletalen Mokola ba.

Mai ƙafa uku: sauƙin juyawa da hatsarin kifewa

Babbar fa'idar mai ƙafa uku ita ce juyawa a ƙuntataccen wuri. Yawancinsu kan juya a fili mai kimanin mita 1 daga tsakiyar kewaye, alhali mai ƙafa huɗu mai girma iri ɗaya yakan nemi kusan mita ɗaya da rabi. Ga wanda zai shiga zaure ya karya kwana zuwa tsakar gida, ko ya ratsa tsakanin tebura a layin 'yan canji, wannan rabin mita na iya zama abin da zai raba shiga da tsayawa a waje.

Haka kuma, da yake taya ɗaya ce a gaba, ana samun wurin miƙe ƙafafu a hagu da damanta. Wannan yana taimakon dogon mutum, da mai amosanin gwiwa, da wanda ƙafarsa ba ta lanƙwasuwa. Galibi ya fi sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi.

Aibinsa yana cikin siffarsa. Tukunya takan zauna daram a kan duwatsun murhu uku domin ba ta motsi, amma abin hawa yana tafiya yana karya kwana. Tayoyi uku suna zana siffa mai kusurwa uku a ƙasa, mai faɗi a baya, mai tsini a gaba. Idan mai hawa ya karya kwana da sauri, nauyinsa yakan karkata zuwa gefen gaba, daidai inda babu tayar da za ta tare shi. Duk wanda ya taɓa ganin A Daidaita Sahu ya ɗaga ƙafa a kwana ya ga wannan da idonsa. Irin wannan hatsari ne ya sa aka dakatar da sayar da sababbin baburan jeji masu ƙafa uku a Amurka a 1988. Ƙananan tayoyin kariya da ake sanyawa a bayan keken suna hana shi faɗuwa ta baya a wurin hawa ne, ba sa hana kifewa ta gefe.

Bai kamata a kwatanta shi da keken guragu na hannu ba. Wancan yana da manyan tayoyi irin na keke da doguwar tazara tsakanin gaba da baya, don haka yakan haye rami da tsakuwa. Tayoyin keken lantarki ƙanana ne, kuma idan ta gaba tilo ta faɗa rami, duk gaban keken ne ke nutsewa.

Mai ƙafa huɗu: natsuwa a hanya mara kyau

Tayoyi huɗu suna raba nauyi a kusurwoyi huɗu. Idan ɗaya ta gaba ta shiga rami, ɗayar tana riƙe da keken. A hanyar da ta karkace gefe guda, ko wurin sauka daga kwalta zuwa ƙasa, ko wurin haye murfin kwata da bai zauna daidai ba, shi ne ya fi aminci. Manyansu sukan zo da sifirin mai rage girgiza, abin da ke da muhimmanci ga mai ciwon baya.

Farashin wannan natsuwa shi ne girma da nauyi. Yana wahalar juyawa a cikin ɗaki, wurin ajiye ƙafafu ya fi matsewa saboda murafen tayoyin gaba, kuma ɗora shi a bayan mota aiki ne na mutum fiye da ɗaya, sai dai irin wanda ake kwancewa gida-gida.

Abin da ƙasar Ibadan ke buƙata

Ibadan birni ne na tuddai, Sabo kuma tana dab da tudun Mokola. Kowane keke yana da iyakar hawan da aka ƙera shi ya iya, kuma ana rubuta shi a takardarsa, yawanci tsakanin digiri 6 zuwa 10. Hanyar da ke ɗagawa da mita 1 a cikin kowane mita 10 ta kusa digiri 6. A kan irin wannan hanya, ƙa'ida ita ce a hau a miƙe a sauka a miƙe, kada a yanke gangare a karkace, kada kuma a juya a tsakiyarsa, musamman da mai ƙafa uku.

Akwai wata 'yar sanda a bayan keken da ake ja domin a saki injin a tura shi da hannu. Jan ta yana sakin birki ma, domin birkin na lantarki ne da ke kamawa da kansa idan an saki totur. Jan wannan sanda a kan gangare alhali mutum yana zaune a kai ganganci ne da ka iya kaiwa ga karaya.

Sai batun damina, wadda a Ibadan takan fara tun watan Maris ko Afrilu ta kai Oktoba. Ruwa yana zaizaye lunguna yana fito da duwatsu. A nan tazarar cikin keken daga ƙasa ce abin dubawa: ƙananan kekunan da ake naɗewa ba sa wuce santimita 5 ko 6, manya kuwa sukan kai 10 ko fiye. Mai ƙafa huɗu ƙarami mai gajeriyar tazara zai maƙale inda babban mai ƙafa uku zai wuce, don haka yawan tayoyi kaɗai bai isa hujja ba. Kuma babu ɗayansu da aka yi domin ratsa ruwan da ya kai batir.

Batir da wutar caji

Yawancin kekunan suna aiki da batir biyu masu ƙarfin bolt 12 kowanne, kuma cikakken caji yakan ɗauki awa 8 zuwa 10. Inda wuta ba ta tsayawa haka, sai an tanadi janareta ko sola. Hawan tudu da nauyin mai hawa suna cin batir fiye da nisan da aka rubuta a kwali, kuma barin batir ya mutu murus yana gajarta rayuwarsa. Mai sayen na hannu ya ɗauka cewa zai sauya batir nan ba da jimawa ba, ya sanya kuɗinsa cikin ciniki. Ya kuma duba rubutun da ke jikin caja, domin wasu da aka shigo da su daga Amurka na wutar bolt 110 ne, ta Nijeriya kuwa 230 ce.

Jikin mai hawa

Keken yana buƙatar mutum ya iya zama a miƙe ba tare da tallafi ba, ya riƙe abin tuƙi, ya kuma gani da kyau. Wanda jiri ke ɗiba, ko wanda ɓarin jikinsa ɗaya ya raunana har yana karkacewa a zaune, ya fi samun kariya a mai ƙafa huɗu, wani ma kujerar asibiti ce ta dace da shi. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan samar da kujerun masu lalurar tafiya ta jaddada cewa a auna mutum, a daidaita masa abin hawa, a koya masa amfani da shi, a kuma riƙa bibiyarsa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda ke kan titin Queen Elizabeth kusa da Mokola, yana da sashen gashi da motsa gaɓɓai inda za a iya neman irin wannan shawara kafin a fitar da kuɗi.

Kafin a biya

A ɗauki tef ɗin awo a auna faɗin ƙofar gida, da tsayin dokin ƙofa, da lungu mafi ƙunci a hanya. A duba iyakar nauyin da keken ke ɗauka, a haɗa da kayan da za a riƙa ɗorawa. A tambayi inda ake samun taya da batir da caja irin nasa a Ibadan. Sannan mai lalurar da kansa ya hau ya gwada, domin zuwa da kai ya fi saƙo.

Wanda mafi yawan zirga-zirgarsa a cikin gida ne, ko shago, ko farfajiya mai siminti, mai ƙafa uku zai wadatar da shi. Wanda kuwa zai riƙa fita titi, ya bi gangare, ya haye kwata sau biyar a rana domin sallah, mai ƙafa huɗu mai manyan tayoyi ne ya fi masa.

Saura nauyin da ke kan al'umma. Dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta bai wa gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar shiga, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne gangaren shiga ya kai tsawon mita 12 ga kowane mita 1 na tsayi, wato matakala mai santimita 15 tana buƙatar gangare mai kusan mita 2. Kwamitocin masallatai da masu shaguna a Sabo na iya yin wannan da 'yan buhunan siminti, kuma kowane irin keke zai amfana da shi.