Ƙwayar ƙiba da ƙwayar ƙarfi: yadda matasa ke cin bashin jikinsu tun bai gama ginuwa ba

Da la'asar sakaliya, a bakin kasuwar Maraɗi, a tashar motar Damagaram ko a lungunan Yamai, ba a rasa mai tallan magani da tire a ka ko akwati a bayan keke. A cikin kayansa akwai na ciwon kai da na masassara, sannan akwai wasu iri biyu da matasa ke yawan tambaya da murya ƙasa-ƙasa. Ƴan mata na neman na ƙiba, samari kuma na neman tramol. Ba a tambayar takardar likita, ba a tambayar shekaru. A miƙa ƴan daloli, a karɓi ƙwaya a ƙunshe cikin leda.

Masu sayen nan da yawansu ba su kai shekara 20 ba. Akwai yarinyar da aka sa ranar aurenta, ƙawaye na yi mata tsiya wai ta cika rama. Akwai yaron da ke tura kurar ruwa tun asuba, ko ɗan kabu-kabun da sai ya cika kuɗin mai babur kafin ya nemi na kansa. Kowannensu na da dalilin da ba na wasa ba. Sai dai ƙwayar na shiga jikin da ke tsakiyar aikin gina kansa, kuma ɓarnar da ta yi a wannan lokaci ba duka ake iya gyarawa ba.

Shekarun da jiki ke gini

Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ɗauki shekara 10 zuwa 19 a matsayin lokacin tasowa daga ƙuruciya zuwa girma. A Nijar wannan ba ƙaramin rukuni ba ne, tun da kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba.

Alamomin balaga kan fara bayyana ga ƴan mata tsakanin shekara 8 zuwa 13, ga samari kuma tsakanin 9 zuwa 14. A shekarar da tsawo ya fi gudu, yarinya kan iya ƙara kusan santimita 8, yaro kuma 9 zuwa 10. A cikin waɗannan shekaru ne mutum ke samun kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na tsawonsa, da kusan rabin nauyin da zai riƙe idan ya girma, da kuma kusan rabin ƙarfin ƙashinsa.

Dogayen ƙasusuwa na ƙafa da hannu suna da guringuntsi a kusa da bakinsu, daga nan ne tsawo ke fitowa. Idan wurin ya daskare ya zama ƙashi, tsawo ya tsaya ke nan har abada. Ga mafi yawan ƴan mata hakan na faruwa wajen shekara 14 zuwa 16, ga samari wajen 16 zuwa 18. Ƙashi kuwa yana ci gaba da ƙara ƙwari har bayan shekara 20, yayin da sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abin da zai biyo baya kafin a aikata, ba ya kammala sai wajen shekara 25.

Ga yaran Nijar, wannan lokaci yana da wani muhimmanci na daban. Fiye da kashi 40 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 a ƙasar ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba, saboda ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan rashin lafiya. Lokacin balaga shi ne dama ta biyu da jiki ke samu ya cike wani ɓangare na giɓin.

Ƙibar da ba ƙiba ba

Son mace mai jiki tsohon abu ne a ƙasar Hausa da ta Zabarmawa, inda ake kallon cikar jiki a matsayin alamar hutu da kulawar miji ko ta iyaye. Tun a shekarar 2001 jaridar New York Times ta Amurka ta buga rahoto daga Maraɗi a kan matan da ke shan ƙwayoyi don su yi ƙiba. Abin da ya canza shi ne yanzu hotuna da bidiyon TikTok da na WhatsApp sun ƙara wa ƴan mata matsi, masu haɗe-haɗen maganin ƙiba kuma sun samu sabuwar kasuwa a cikin waya.

Magunguna biyu ne aka fi samu a irin wannan haɗi. Na farko siproheptadin, maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, wanda ke buɗe ciki ya kuma sa barci. Na biyu, wanda ya fi haɗari, shi ne deksametazon. Magani ne mai amfani ƙwarai a hannun likita, da shi aka ceci rayukan masu fama da korona mai tsanani a 2020. Amma ƙarfinsa ya ninka na sinadarin kortizol da jiki ke samarwa da kansa kusan sau 25, shi ya sa ake ba da shi da awo.

Idan yarinya ta ɗauki makonni ko watanni tana shan sa, fuska kan kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, ƙafafu da hannuwa kuma su sirance saboda tsoka na narkewa. Wannan kumburi ne ake yi wa barka da cewa ta yi kyau. A ƙarƙashinsa kuwa hawan jini da ciwon sukari na iya kunno kai, fata ta yi laushi ta tsattsage, haila ta rikice, garkuwar jiki ta yi rauni. Ga wadda ba ta gama girma ba, maganin na rage saurin tsawo, yana kuma hana ƙashi yin ƙwari a daidai lokacin da ya kamata ya yi.

Akwai wani tarkon da mai tire ba ya faɗa. Idan aka daɗe ana shan deksametazon, ƴan halittun nan biyu da ke saman ƙoda kan daina samar da kortizol, tun da ana kawo musu daga waje. Ranar da aka daina shan ƙwayar farat ɗaya, jiki na iya rasa sinadarin gaba ɗaya: kasala mai tsanani, amai, faɗuwar jini, har suma da rasa rai. Saboda haka wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke da kanta. Likita ne zai rage mata a hankali.

Tramol da ƙarfin aro

A Damagaram, matasan da ke taruwa a ƙungiyoyin da ake kira pale sun yi suna da ɗaga ƙarfe da gina ƙwanji. Fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2021, ya nuna wa duniya rayuwarsu a unguwar Kara-Kara, inda rashin aiki da wariya suka sa ƙarfin jiki ya zama jari. Ɗaga ƙarfe shi kansa ba laifi ba ne ga lafiya. Idan nauyin bai wuce kima ba kuma ana yi bisa tsari, yana ƙarfafa tsoka da ƙashi, ba ya kuma hana tsawo kamar yadda wasu ke zato. Matsalar tana zuwa ne idan aka haɗa da ƙwaya ko allurar gina tsoka, domin irin waɗannan sinadarai na iya rufe guringuntsin tsawo tun lokacinsa bai yi ba.

Tramadol, wanda aka fi sani da tramol, maganin kashe zafin ciwo ne daga dangin su mofin. A asibiti ana ba da miligiram 50 ko 100 a lokaci guda, kuma ba a wuce 400 a yini ga babban mutum. Wanda ke yawo a kasuwar bayan fage kuwa yana zuwa da 120, 200, 225 har 250 a ƙwaya ɗaya. Matashin da ya haɗiye biyu masu 200 ko fiye da shayi ya riga ya kai iyaka ko ya wuce ta.

Tramol ba ya ƙara ƙarfi. Yana toshe saƙon gajiya da na ciwo ne kawai, sai mutum ya ci gaba da aiki a kan gaɓar da ke neman hutu. Shi ya sa ya samu karɓuwa a gona, a wurin gini, a kan babur da kuma a ramukan zinari irin na Djado, inda dubban matasa suka kwarara tun daga 2014. Yawan shan sa na jawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, kuma idan ta kama ɗan kabu-kabu a kan titi, har da fasinja a ciki. Yana kashe sha'awar abinci a shekarun da jiki ya fi buƙatarsa. Idan aka daɗe a kansa yana rage sinadarin mazakuta, wato akasin abin da wasu ke shan sa dominsa. Wanda ya saba, ranar da bai samu ba sai ciwon gaɓoɓi, zufa, rashin barci da ƙunci su taso masa.

Hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi na yawan baje kolin abin da ta kama. Ƙasar Indiya, inda aka fi yin wannan ƙwaya, ta tsaurara dokar fitar da ita a 2018, shekarar da Najeriya ta hana maganin tari mai kodin. Amma da aka matsa wa tramol, sai wasu ƙwayoyin masu kama da shi, irin su tapentadol, suka shigo kasuwannin Afirka ta Yamma.

Ramar da ke da dalili

Sau da yawa yarinyar da ake cewa ta rame, ba ƙiba take buƙata ba, jini ne ya yi mata kaɗan. Kusan rabin matan Nijar masu shekara 15 zuwa 49 na fama da ƙarancin jini. Budurwa na buƙatar kusan miligiram 15 na sinadarin ƙarfe a yini, saurayi kuma 11, saboda ita tana rasa jini kowane wata. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da tsargiya na ƙara ta'azzara lamarin. Alamominsa su ne jiri, saurin gajiya, haki, farin ido da kasa riƙe karatu a aji.

A ƙasashen da matsalar ta kai kashi 40 cikin 100, OMS na ba da shawarar ƴan matan da suka fara haila su sha ƙwayar ƙarin jini kullum na tsawon wata uku a jere kowace shekara. Abincin da ke taimakawa kuma ba daga waje ake kawo shi ba: wake, gero, zogale, gyaɗa, hanta, kifi, fara. Lemun tsami, gwaba, mangwaro da garin ƴaƴan kuka na taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen da ke cikin hatsi da ganye. Nono da fura na ba ƙashi abin da yake nema.

Shayin fada kuma yana da nasa hukunci. Ganyen shayi na ɗauke da sinadarin da ke hana jiki tsotsar ƙarfen da ke cikin abinci, idan aka sha shi a kan abincin ko nan take bayansa. Jinkirta butar da awa ɗaya ko biyu bayan an ci tuwo na rage wannan illa. Hirar fada da latsa waya har ƙarfe biyun dare ma na da farashi, domin ɗan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barci mai nauyi ne jiki ya fi sakin sinadarin girma.

Jiki biyu, abinci ɗaya

Alƙaluman asusun UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18, kashi 28 kuma kafin 15. Fara haila ba ya nufin jiki ya gama shiri, domin ƙashin ƙugu na ci gaba da buɗewa shekaru bayan nan. Yarinyar da ta ɗauki ciki tana tsakiyar girma, ita da ɗan tayin suna rabon abinci ɗaya ne. OMS ta nuna cewa uwaye ƴan ƙasa da shekara 20 sun fi waɗanda ke tsakanin 20 zuwa 24 fuskantar jijjigar haihuwa da kamuwa da cuta bayan haihuwa, jariransu kuma sun fi zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi. Doguwar naƙuda ba tare da tiyata a kan lokaci ba ita ke kawo yoyon fitsari, wanda ake yi wa aiki a cibiyar Danja kusa da Maraɗi da kuma cibiyar ƙasa da ke Yamai. Amaryar da ta shiga ɗaki da ƙibar deksametazon kuwa, tana iya shiga da hawan jini ko sukarin da ba ta san da shi ba.

Rawar na gida da na waje

Mai tire ba zai daina talla ba muddin akwai mai saye, kuma mai saye ba zai daina ba muddin uwa, gwaggo da ƙawaye na auna amarya da faɗin fuska, ko ubangida na auna yaro da awannin da ya yi bai zauna ba. Wanda ya riga ya shiga, hanyar fita ita ce CSI ko asibiti mafi kusa, ya tafi da kwalin abin da yake sha, ya faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ya ɗauka. Tramol ma, kamar deksametazon, da taimakon ma'aikacin lafiya ake rage shi.

Ƴan uwa da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya, Abijan, Akara ko Legas su ma suna da ta cewa, tun da sau da yawa kuɗinsu ne ke sayen kayan aure da babur ɗin ƙane. Wanda ya ga hoton ƙanwarsa fuska ta cika cikin wata biyu alhali hannuwa na nan sirara, ya kamata ya kira gida ya tambayi abin da take sha. Daga cikin kuɗin da ake aikowa, abin da za a ware na awon jini da tiyar wake bai kai kuɗin turmin atamfa ɗaya ba.