Cefane a Zamanin Tsada: Arahar Gida Tun Daga Kaka Take Farawa

A yawancin gidajenmu babu kuɗin da ya kai na cefane jawo magana. Maigida yana ganin ya ajiye abin da ya saba ajiyewa har da ƙari, uwargida kuma tana ganin abin da aka ajiye bai kai ko'ina ba, kuma kowannensu gaskiya yake faɗa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira a watan Yuni ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin dakon kaya ya tashi, ya ja farashin duk abin da ake ɗorawa a mota. A tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, a watannin da suka biyo baya ko buhun shinkafa mai kilo 50 ba ya iya saye a kasuwanni da dama.

Wannan nauyi ba daidai yake sauka a kan kowa ba. Tun a 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya lura cewa gwargwadon ƙarancin samun iyali, gwargwadon girman kason da abinci ke ci a cikin samunsu. Binciken da hukumar ƙididdigar tamu ta yi kan kashe kuɗin gidaje a 2019 ya tabbatar da haka, domin kusan kashi 57 cikin ɗari na abin da gidajen Nijeriya suka kashe a abinci ya tafi. Ke nan duk gidan da ya iya rage asara a cefane, ya taɓa kaso mafi girma na kuɗinsa.

Dalilin da ya sa mai ƙaramin ƙarfi ya fi kowa saye da tsada

Kafin kwanon masara ya iso tukunya, hannaye da yawa sun taɓa shi. Manomi ya kai kasuwar ƙauye, dillali ya ci la'ada, ɗan sari ya loda zuwa Dawanau ko wata babbar kasuwa, ɗan kiri ya saro, mai shagon unguwa ya karɓa, daga nan mai tebur ya kasa shi gwangwani-gwangwani. Kowane hannu da ribarsa da kuɗin motarsa, kuma halal ɗinsa ne. Amma wanda ke tsaye a ƙarshen layin, mai sayen ƙullin sikari da ƙullin mai da gwangwanin shinkafa kullum safiya, shi ke biyan ribar kowa gaba ɗaya.

A ɗauka buhun hatsi yana ɗaukar kwano arba'in, a kuma ce naira ɗari biyu kacal mai shago ya ɗora a kan kowane kwano. Kafin gida ya ci buhu guda ta hanyar awon kullum, ya biya ƙarin naira dubu takwas da ba ta zama abinci ba. Idan kuma a littafin bashi ake rubutawa, to an rasa bakin neman ragi, an rasa damar zagayawa a ji farashin wani shagon, kuma albashi tun kafin ya shigo an riga an cinye shi. Babu wanda ya zaɓi wannan hali don sha'awa. Mai aikin da sai ya fita yake samu ba shi da dunƙulallen kuɗin buhu. Duk shawarar da ta manta da wannan gaskiya, shawara ce ga masu hali kawai.

Kowane kaya da lokacinsa

Abin da ya fi iya ciniki tasiri shi ne sanin watan da ya kamata a sayi kaya. Gero da masara da dawa da wake da gyaɗa sun fi sauƙi da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da sabon amfani ya cika kasuwanni irin su Dawanau a Kano, Giwa da Saminaka a Kaduna, Dandume da Bakori a Katsina. A mafi yawan shekaru, daga bazara farashi yake fara hawa, ya kai ƙololuwa a tsakiyar damina, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabo bai nuna ba.

Kayan gwari kuwa nasu lokacin rani ne. Daga Janairu zuwa Maris, idan tumatirin Kadawa da Kura da sauran wuraren noman rani ya sauka, kwanduna sukan yi yawa a kasuwar 'Yankaba har wani ya ruɓe babu mai saye. Watanni uku bayan haka, da ruwa ya sauka, tumatir huɗu ko biyar ake kasawa a kuɗin da a baya zai cika roba. Albasar Aliero da ta Galmi ita ma da rani take araha, ta yi tsada a ƙarshen shekara. Manja ya fi sauƙi daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da kwakwar manja ke yawan nuna a Kudu. Kayan azumi irin su sikari da gero da mai, wanda ya saye su tun a Rajab ko farkon Sha'aban yakan tsira daga tashin da suke yi idan an kusa ganin wata.

Iyayenmu sun san wannan lissafi sarai. Shi ya sa suke yanka tumatir su shanya ya zama kauɗa, su busar da kuɓewa da tattasai da barkono, su daka kuka su ajiye, su tanadi daddawa da busasshen zogale. Miyar damina tun da rani ake haɗa ta. Abin da za a ƙara a yau shi ne tsafta: a shanya a kan tabarma ko buhu mai tsabta, a ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da bakin titi da ƙura.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

To wanda ba shi da kuɗin buhu fa? Amsar tana cikin al'adun da muka gada. Watanda ta daɗe tana ba talaka nama a farashin da mahauci ba zai iya ba shi ba: mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi, a sayi sa, a yanka, a kasa daidai. Babu abin da ya hana a yi wa shinkafa da wake da mai da sabulu irin wannan. Gidaje huɗu ko biyar a layi ɗaya, ko malaman makaranta guda, ko matan Islamiyya ɗaya, su haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya je Dawanau ya sayo hatsi ko ya shiga kasuwar Singa ya sayo katan na taliya da sabulu da jarkar mai a farashin sari. Kuɗin mota ɗaya, dako ɗaya, a dawo a raba.

Adashi ma zai iya yin wannan aiki idan aka tsara shi da niyya. Maimakon kwasa ta faɗo a kowane lokaci ta tafi a ankon biki, sai a daidaita zubi yadda za a kwashe a watan kaka, a juya kuɗin ya zama hatsi nan take. Sharaɗin duka biyun shi ne amana. A rubuta abin da kowa ya zuba, a auna kaya a gaban kowa da mudu ɗaya, a bayyana kuɗin mota da na dako. Yawancin haɗakar da ta watse, rashin rubutu ne ya watsa ta.

Ajiya ma ilimi ce

Wanda ya sayi buhun wake da araha ƙwari suka cinye rabi, tsada ya saya. Tsoron wannan asara ne ya jefa mutane cikin zuba wa wake fiya-fiya da makamantansa, abin da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa, wanda kuma ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Alhali akwai hanyar da ba ta buƙatar guba. Buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. Idan aka ɗaure kowace leda tam, iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su mutu. Jarka mai tsabta da murfinta ke rufuwa sosai ita ma tana yin haka idan aka cika ta har baki. Sai dai dole hatsi ya bushe ƙayau kafin a rufe shi, a kuma ɗora buhu a kan katako nesa da bango, domin danshi yana sa masara da gyaɗa su yi fumfuna mai cutar da hanta.

A nan ya kamata a bambanta tanadi da ɓoye kaya. Ajiye abincin da iyali za su ci hikima ce da Suratu Yusuf ta ba da labarinta. Tara abinci a kulle don a jira mutane su galabaita kuwa, addini ya hana, kuma a Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a yankin Dawanau bisa wannan zargi. Ko ta fuskar riba ma ba tabbas, domin a 2025 farashin hatsi ya sauko, masu jiran tashi da yawa suka yi asara. Magidanci ya sayi gwargwadon cin gidansa, kada ya ci bashi mai nauyi don ya cika ɗaki.

A kasuwa da cikin gida

Ranar shiga kasuwa, a tafi da takarda. Wanda ya rubuta abin da ya kawo shi ba ya dawowa da abin da ido ya gani kawai. A ji farashi a wuri biyu ko uku kafin a taya, a kuma duba mudun da kansa, domin akwai wanda aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, kuma araha a tauyayyen mudu ba araha ba ce. A sa hannu har cikin buhu saboda algus. Idan aka dace da ɗan kasuwa mai cika awo, a riƙe shi, domin ragi da gyara sun fi zuwa ga wanda aka saba da shi.

A cikin gida kuma akwai ƙofofin da kuɗi ke zurarewa. Dafa abin da ya fi ƙarfin masu ci, a wayi gari a zubar, almubazzaranci ne ko da a gidan mai hali. Ragowar tuwo ɗumame ne mai kyau. Wake da awara da ƙuli-ƙuli da gyaɗa suna gina jiki a kuɗin da bai kai na nama ba, kuma dambu da fate da ɗanwake da tuwon dawa ba su gaza shinkafa da taliya ƙosarwa ba. Jiƙa wake kafin a ɗora da rufe tukunya suna rage cin gas da gawayi. Buhu biyu ko uku da aka cika da ƙasa da taki a tsakar gida za su ba da alayyafo da yakuwa, bishiyar zogale guda kuma ta wadatar da gida shekaru.

Duk wannan ba zai yiwu ba idan maigida yana ɓoye samunsa, uwargida kuma tana jin nauyin faɗin abin da ya ƙare. Ita ta san kwano nawa ake ci a mako, shi ya san abin da ke shigowa da ranar da yake shigowa. Sai sun zauna sun haɗa waɗannan sani biyu ne za a san buhu nawa gidan ke buƙata a shekara, da nawa za a riƙa cirewa kowane wata.

Tattalin gida ba zai gyara hanyar da ta lalace ba, ba zai mayar da manomin Zamfara ko Katsina gonar da 'yan bindiga suka raba shi da ita ba, ba kuma zai sauke farashin taki ba. Waɗannan haƙƙi ne a wuyan hukuma, kuma wajibi ne a ci gaba da neman su da babbar murya. Amma abin da ke hannunmu kada mu bari ya kuɓuce. Duk magidancin da ke son ya ga sauƙi a damina mai zuwa, ya nemi maƙwabta uku ko huɗu da ya yarda da amanarsu tun yanzu, su sa ranar fara zubi, su rubuta, su kuma yanke watan da za su shiga kasuwa tare.