Ƙurar da Ke Ƙara wa Rigar Wayar Lantarki Ƙarfi

A wannan makon mun leƙa cikin wayar lantarki. Yawancin wayoyin da muke gani kashi biyu ne: jan ƙarfe a ciki, inda wuta ke bi, da rigar roba a waje, wadda ke hana wutar fita. Manyan wayoyin da ake binnewa a ƙasa ko a ƙarƙashin teku, rigarsu ta foliyetilin ce, dangin robar da ake yin leda da ita.

Robar nan tana gajiya. Idan wuta mai ƙarfi ta daɗe tana matsa mata, ga kuma zafi, sai caji ya taru a cikinta, ya riƙa huda 'yan hanyoyi masu rassa kamar bishiya. Ranar da reshe ɗaya ya ratsa rigar, wuta ta samu mafita. Daga nan sai tartsatsi, ko ɗaukewar wuta, ko ma gobara.

Dabarar da masana ke gwadawa ita ce zuba ƙurar oksayid a cikin robar. Oksayid shi ne abin da ake samu idan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin. Tsatsa ma misalinsa ce. An fi amfani da na magniziyam, da alminiyam, da zinki. Girman ƙwaya ɗaya bai wuce nanomita 100 ba, alhali kaurin gashin kanmu ya kai kusan nanomita 80,000. Tun 1994 wani masani a Birtaniya, T. J. Lewis, ya ja hankalin masu bincike zuwa wannan fanni.

To, yaya ƙurar ke aiki? Inda kowace ƙwaya ta haɗu da roba, nan ne tarko. Caji yana maƙalewa a wurin, ba ya yawo yadda ya so. Rassan bishiyar nan kuma suna cin karo da ƙwayoyin, dole su yi kewaye, sai girmansu ya yi jinkiri.

Amma kamar gishiri ne a miya, kaɗan ake so, galibi ƙasa da kashi 5 cikin 100. Idan ƙwayoyin suka dunƙule, wurin ya zama rauni. Shi ya sa ake yi musu shafe da wani sinadari kafin a gauraya, don su watsu daidai.

Kafin wannan fasaha ta iso gidajenmu, mu kula da rigar da muke da ita. Duk wanda ya ga waya ta ɓare a aji ko ɗakin kwana, kada ya taɓa, ya sanar da malami.