Lissafin da ke cikin injin feshi: Darasin kemistiri a gonakin Watari

A filayen noman rani da ke shan ruwa daga madatsar Watari, a ƙaramar hukumar Bagwai ta Jihar Kano, injin feshi ya zama abokin aikin manomi kamar fartanya. Kafin ya goya shi, sai ya tsiyaya magani daga kwalba, ya cika da ruwa.

Wannan ɗan aiki shi ne darasin da ɗaliban babbar sakandare ke fama da shi a ajin kemistiri: ƙarfin sinadari a cikin ruwa da yadda ake tsarma shi. Ɗalibi in ya kuskure, maki zai rasa. Manomi kuwa amfanin gonarsa da lafiyarsa ne a kan layi.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Ƙarfin magani shi ne yawan sinadarin da ke cikin kowace lita ɗaya. Ƙara ruwa ba ya rage sinadarin da aka zuba, baza shi kawai yake yi, kamar cokalin sukari ɗaya a ƙaramin kofin shayi da kuma a babban kofi. A littafi ana rubuta shi C1V1 = C2V2, wato ƙarfin farko sau yawansa daidai yake da ƙarfin ƙarshe sau yawansa.

Ga misali don lissafi kawai. Da yawa daga cikin magungunan ciyawa masu sinadarin gilaifoset na ɗauke da giram 360 a kowace lita. Idan aka ɗebi mililita 100, an ɗebi giram 36 ke nan. A injin mai cin lita 16, kowace lita za ta samu giram 2.25. A mai cin lita 20, ƙarfin ya sauka zuwa giram 1.8, duk da awon bai canza ba. In kuma aka zuba mililita 200 a mai lita 16 don “ya fi ci”, ƙarfin ya ninka zuwa giram 4.5.

Nan ne awo da murfin kwalba ko gwangwanin madara ke jawo matsala, domin ba girmansu ɗaya ba. Maganin ƙwari in ya yi yawa yana iya ƙona ganyen tumatir, ya cutar da mai feshi, ragowarsa kuma ta bi magudana zuwa ruwan da ake kamun kifi da shayar da dabbobi. In ya yi kaɗan, ƙwari su tsira, waɗanda suka jure su hayayyafa, kuɗi sun tafi a banza.

Najeriya ta taɓa ɗanɗana kuɗar wannan lissafi. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga ƙasar nan, saboda ragowar maganin ƙwari na daikulobos da aka samu a cikinsa ta zarce iyakarta ta miligiram 0.01 a kowane kilo.

Ko a cikin gida ƙa'idar na aiki. Ƙullin gishiri da sukari na ORS da ake ba yaro mai gudawa an auna shi ne da adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, galibi lita ɗaya. A rage ruwan, gishirin ya yi ƙarfin da zai ƙara wa yaron wahala.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: a karanta takardar jikin kwalba, a san litar da injin ke ci, a yi awo da kofi mai layukan mililita. A fara zuba rabin ruwa, a sa magani, a motsa, sannan a cika zuwa layi. Inda manomi bai iya karatun boko ba, ɗansa ko 'yarsa da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO na iya yi masa wannan lissafi kafin ya fita gona.