Definite: Kalmar Turanci da ke raba 'tabbas' da 'za mu gani'

A ranar 14 ga Fabrairun 2022 ƙungiyar malaman jami'o'in Najeriya, ASUU, ta tsunduma yajin aikin gargaɗi na mako huɗu. Da wa'adin ya cika ta ƙara mako takwas, ta sake ƙara 12, sannan ta ƙara wasu huɗu.

Duk tsawon wannan lokaci ɗalibai da iyayensu suna da ranar da suke ƙirge da ita. A ƙarshen watan Agusta sai sanarwar ƙungiyar ta fito da wata kalma guda: "indefinite". Kafofin yaɗa labarai na Hausa suka fassara ta da "yajin aikin sai baba ta gani". Ranar komawa ta ɓace daga lissafi, kuma ba a janye yajin ba sai 14 ga Oktoba, bayan wata takwas cif ana zaune a gida.

Uwar wannan kalma ita ce "definite", ɗaya daga cikin kalmomin da suka fi yawo a takardun ɗaukar aiki, wasiƙun makarantu, sakamakon asibiti da saƙonnin WhatsApp. Mutane da yawa sun san ta da ma'anar "tabbas". Amma yadda take zama a cikin jimla, da bambancinta da 'yan uwanta masu kama da ita, su ne ke sa wani ya ɗauka an yi masa alkawari alhali ba a yi ba.

Asalinta iyaka ce

Kalmar ta shigo Turanci ne daga harshen Latin wajen ƙarni na 16. Tushenta shi ne "finis", wato iyaka ko ƙarshe. Daga wannan tushe aka samu "finish", gamawa, da "final", na ƙarshe, da "define", fayyace ma'ana.

Saboda haka abin da aka kira "definite" shi ne wanda aka shata wa iyaka, kamar gonar da aka kafa wa turaku a kusurwa huɗu. An san inda ya fara, an san inda ya tsaya. Ɗaliban lissafi sun san "definite integral", wanda ake rubuta masa lambar farawa da ta tsayawa.

Wanda ya riƙe wannan hoto na iyaka ba zai sha wahalar gane sauran kalmomin gidan ba.

Ma'ana biyu a cikin jimla

"Definite" sifa ce, kuma ta fi yawan zuwa gaban suna. A nan tana ɗaukar ma'ana biyu.

Ta farko ita ce tabbatacce, wanda aka tsayar kuma ba a sa ran zai canza. Idan mai neman aiki ya rubuta "I need a definite answer by Friday", yana cewa ne yana son takamaimiyar amsa zuwa Juma'a, e ko a'a, ba magana mai harshen damo ba. Haka "a definite date", tsayayyar rana, da "a definite offer", tayin da aka riga aka yanke shawara a kansa.

Ta biyu ita ce bayyananne, wanda ido ke gani. Idan likita ya ce "There is a definite improvement", yana nufin sauƙin da aka samu a fili yake. Bai ce mara lafiya ya warke ba, bai kuma yi alkawarin komai game da gobe ba.

Kalmar kan kuma zo bayan aikatau. "Nothing is definite yet" na nufin har yanzu ba a tsayar da komai ba. Wannan jimla ce da ma'aikatan ofis ke yawan amfani da ita don sallamar mai tambaya cikin ladabi, kuma wanda aka faɗa wa ita bai kamata ya fara haɗa kaya ba.

Idan aka jingina ta ga mutum, yawanci "about" na biye da ita. "She was very definite about the time" na nufin ta tsaya kai da fata a kan lokacin da ta faɗa, ba ta yi kwana-kwana ba.

Inda ba ta maye gurbin 'sure' da 'certain'

Bahaushe na iya fassara "sure", "certain" da "definite" duka da "tabbas", amma Turanci bai ba su wurin zama ɗaya ba.

"Sure" ta fi karkata ga abin da ke zuciyar mai magana. Shi ya sa ake tambaya "Are you sure?", wato ka tabbata? Ba kasafai ake jin "Are you definite?" ba. Ita "definite" ta fi karkata ga shi kansa abin: rana, shiri, amsa, farashi.

Ana cewa "He is certain to win" ko "He is sure to win", wato babu makawa zai yi nasara. Ba a cewa "He is definite to win". Irin wannan ƙaramin bambanci ne ake gwada ɗalibai da shi a jarrabawar Turanci ta WAEC da JAMB, inda ake jera kalmomi huɗu masu kusancin ma'ana a ce a zaɓi wadda ta dace da gurbin.

'Definitely not' da 'not definitely'

Idan aka ƙara "ly" sai ta koma bayanau, "definitely", wato lalle ko babu shakka. Takan zauna gaban babban aikatau, "I will definitely come", ko bayan "is" da "are", "He is definitely coming". A hira tana iya zama cikakkiyar amsa ita kaɗai.

Matsalar tana tasowa ne idan "not" ta shigo. A duba waɗannan jimloli biyu da ake iya ji a asibiti:

"It is definitely not malaria." Tabbas ba zazzaɓin cizon sauro ba ne, an kore shi, a nemi wata cutar.

"It is not definitely malaria." Ba a tabbatar shi ne ba, yana iya zama shi, yana iya zama wani abu.

Kalmomi biyar ne iri ɗaya a kowace jimla, wurin zaman biyu kawai aka sauya. Ta farko ta rufe ƙofa, ta biyu ta bar ta a buɗe. Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan "definitely" ta riga "not", an tabbatar da a'a. Idan "not" ta riga ta, tabbacin ne aka kore.

Kuskuren da waya ke ƙara dagulawa

Ko a Ingila da Amurka, "definitely" na cikin kalmomin da aka fi kuskuren rubutawa. Dalili shi ne wasalin tsakiya ba ya fita sosai a baki, sai mutane su rubuta "definately". Babu harafin "a" ko ɗaya a cikin kalmar. Hanyar tunawa ita ce a nemi "finite" a tsakiyarta.

Masu rubutu da waya suna da ƙarin tarko. Idan aka buga kalmar ba daidai ba, manhajar gyaran rubutu kan maye ta da "defiantly", wadda ke nufin cikin taurin kai da bijirewa. Wanda aka gayyata ganawar ɗaukar aiki ya amsa da "I will defiantly attend" ya shaida wa kamfanin ne cewa zai zo ko suna so ko ba sa so. Sake karanta saƙo kafin a tura shi kaɗai ke maganin wannan.

'Definitive': maganar da babu wata bayanta

Haruffa biyu kacal suka raba "definite" da "definitive", amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. "A definite answer" amsa ce bayyananniya, wadda duk da haka tana iya zama kuskure. "A definitive answer" ita ce ta ƙarshe, wadda ta fito daga mai ikon yankewa, ta kashe muhawara. Gwajin da likitoci ke kira "definitive" shi ne wanda ke raba gardama kan cutar da mutum ke ɗauke da ita.

A harkar saye da sayar da kamfanoni kalmar tana da haƙora. A ranar 25 ga Afrilun 2022 kamfanin Twitter ya sanar da cewa ya ƙulla "definitive agreement" da attajirin nan Elon Musk, wanda zai saye shi kan dala 54.20 kowane hannun jari, jimilla kusan dala biliyan 44.

A watan Yuli Musk ya ce ya fasa. Twitter ya maka shi a wata kotu a jihar Delaware, yana neman a tilasta masa cika cinikin da ya sa wa hannu. Kafin a fara sauraron shari'ar gadan-gadan Musk ya dawo kan farashin farko, aka kammala ciniki a ranar 27 ga Oktoba. Yarjejeniyar da aka kira "definitive" ta wuce matakin taya da albarka, kuma fita daga cikinta ba abu ne na ganin dama ba.

'Indefinite' ba ta nufin har abada

Kishiyar "definite" ita ce "indefinite", abin da ba a shata wa iyaka ba. Mutane kan ɗauka tana nufin dindindin, amma abin da take faɗa kawai shi ne ba a sa ranar ƙarewa ba.

A ranar 4 ga Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta sanar da dakatar da Twitter "indefinitely". An ɗage takunkumin a ranar 13 ga Janairun 2022, bayan wata bakwai da 'yan kwanaki. Dakatarwar ba ta zama ta har abada ba, amma a ranar da aka sanar da ita babu wanda zai iya cewa ga ranar ƙarewarta.

Ba kullum kalmar ke ɗauke da mugun labari ba. A Birtaniya, "indefinite leave to remain" izinin zama ne da ba shi da wa'adi, abin da baƙin haure da ma'aikata 'yan ƙasashen waje ke shafe shekaru suna nema. A Nijar da Kamaru, inda ake aiki da Faransanci, ma'aikata sun san kwantiragin CDI, wanda idan aka juya shi zuwa Turanci yakan fito a matsayin "contract of indefinite duration". Shi ne aiki mai ɗorewa, saɓanin CDD mai ƙayyadadden lokaci.

Don haka abin tambaya a kullum shi ne: mene ne aka cire wa iyaka? Idan yajin aiki ne ko dakatarwa, asara ce. Idan izinin zama ne ko aiki, riba ce.

Haruffa uku da suka fi shekara 50 ana jayayya a kansu

A nahawun Turanci ana kiran kalmar "the" da suna "definite article", domin aikinta shi ne nuna takamaiman abu da mai magana da mai sauraro suka sani. Hausa na yin irin wannan aiki da "n" ko "r" a ƙarshen suna: "yaro ya zo" daban, "yaron ya zo" daban. Larabci na yin sa da "al", wadda ta maƙale a kalmomin aro irin su alƙali, alƙalami da albasa.

A ranar 22 ga Nuwamban 1967, bayan Yaƙin Kwana Shida, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙuduri mai lamba 242, wanda jakadan Birtaniya Lord Caradon ya gabatar. Dukkan mambobi 15 sun kaɗa masa ƙuri'a, ciki har da Najeriya da Mali da ke cikin kwamitin a lokacin.

Rubutun Turanci ya nemi sojojin Isra'ila su janye "from territories occupied in the recent conflict". Babu "the" gaban "territories". Na Faransanci kuwa ya ce "des territoires occupés", wanda ake iya karantawa da ma'anar yankunan da aka mamaye, duka ke nan.

Isra'ila ta daɗe tana kafa hujja da cewa rashin "the" na nufin janyewa daga wasu yankuna, ba dukkansu ba. Ƙasashen Larabawa da masu goyon bayan Falasɗinawa sun riƙe rubutun Faransanci, tare da gabatarwar ƙudurin da ta jaddada cewa ba a yarda da mallakar ƙasa ta hanyar yaƙi ba. Yankunan da ake magana a kansu su ne Sinai, Gaza, Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus, da Tuddan Golan. An mayar wa Masar Sinai, amma gardama kan sauran tana nan har yau.

Abin lura ga mai karatu

Ga wanda ke karɓar saƙon Turanci daga ofis, makaranta, banki ko asibiti, hanya mafi sauƙi ita ce neman iyakar da kalmar ta yi alkawari. Idan an ce shiri ya zama "definite", ya kamata a samu rana, ko adadi, ko suna a tare da shi. Idan babu ko ɗaya, kalmar ado ce kawai.

Haka kuma "definitely" a bakin mai hira ba ta kai nauyin "definite" a kan takarda mai sa hannu ba. Tela da makaniki da ɗan siyasa duk suna iya cewa "definitely" ba tare da an ɗaure su da komai ba. Jimla ɗaya ce ke tilasta wa mutum fitowa fili, kuma gajeriya ce: "Can you give me a definite date?" Wato, wace rana ce takamaimai?