Wuta Maganin Wuta a Arewacin Ostareliya

A yankin Arnhem da ke arewacin Ostareliya, 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin, sun gaji al'adar cinna wa daji wuta kaɗan-kaɗan da farkon rani, tun ciyawa na da sauran danshi. Wuraren da suka ƙone su ne ke tare babbar gobarar ƙarshen rani. Da zuwan Turawa ya raba jama'a da garuruwansu, sai gobara ta yi ta cin daji. Dokar 1976 ta mayar musu da ƙasarsu. A 2006 kuma aka ƙulla yarjejeniyar biyan su ladan wannan aiki, domin yana rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ta haka matasa suka sami aikin kula da daji, dattawa kuma suka sami magada.