Yadda ake samun sahihin awon turjiya da mita mai allura

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, sayen sabuwar fanka ko rediyo ko injin caji ya gagari gidaje da dama a Najeriya. Abin da ya lalace sai a kai shi wurin mai gyara. A kan teburin da yawa daga cikin masu gyaran nan, musamman dattawan sana'ar da yaransu, har yanzu akwai maltimita mai allura, kuma abin da allurarta ta nuna shi ke yanke hukunci: a sauya ɓangare, ko a bar shi. Idan aka karanta ta ba daidai ba, mai kaya zai biya kuɗin abin da lafiyarsa ƙalau, ko kuma ya koma gida da na'urar da za ta iya tayar da gobara.

Turjiya ita ce tirjewar da abu ke yi wa lantarki idan ya zo wucewa ta cikinsa. Ana auna ta da om, sunan da aka ɗauko daga Georg Ohm, Bajamushen da ya wallafa dokarsa a 1827. Wajen wannan awo, mita ba ta dogara da wutar waje; batirin da ke cikinta ne ke tura ɗan lantarki ta cikin abin da ake gwadawa. Idan turjiyar kaɗan ce, lantarki mai yawa zai wuce, allura ta tafi dama sosai. Idan mai yawa ce, da ƙyar za ta motsa. Shi ya sa layin om ya saɓa wa sauran layukan da ke fuskar mitar: sifirinsa yana dama, lambobin kuma suna cunkushewa yayin da ake matsawa hagu.

Daidaita sifiri

Matakin farko shi ne a kwantar da mitar, a duba ko allura tana zaune daidai kan alamar farko ta hagu. Idan ta kauce, akwai ɗan sukuru a ƙarƙashin gilashin da ake gyara ta da shi. Daga nan sai a zaɓi mataki, a haɗa bakin wayar gwaji ja da baƙa, a murɗa maɓallin om har allura ta tsaya cak a kan sifiri. Dole ne a maimaita wannan duk lokacin da aka sauya mataki. Idan an murɗa maɓallin har ƙarshe allura ba ta kai sifiri ba, batir ya yi sanyi, kuma duk awon da aka yi da shi ba abin dogaro ba ne. Mitoci da yawa suna da batiri iri biyu: mai bolt 1.5 na ƙananan matakai, da mai bolt 9 na mataki mafi girma.

Tsakiyar layi ce wurin gaskiya

Mataki mafi dacewa shi ne wanda ke kawo allura kusa da tsakiya. A mitar da tsakiyar layinta 20 ce, idan aka gwada rezista mai om 4,700 a matakin ×1, allura za ta maƙale a hagu inda ba a iya bambance lamba. A matakin ×100 kuwa za ta tsaya wajen 47, sai a ninka da 100. Idan rezistar mai zoben ruwan zinariya ce, an yarda ta kauce da kashi 5 cikin 100, wato duk abin da ya faɗo tsakanin 4,465 da 4,935 lafiyayye ne. Madubin da ke kan fuskar mitar shi ma yana da aiki: a saita ido har allura ta rufe hotonta na cikin madubin, sannan a karanta.

Kurakuran da ke jawo asara

Mafi haɗari shi ne auna turjiya alhali na'ura tana jone da wuta. Bolt 230 na gida zai iya ƙone mitar nan take, ya kuma raunata mai riƙe da ita. Ko bayan an cire filogi, manyan kondensa suna riƙe caji, don haka sai an sauke shi tukuna.

Na biyu shi ne gwada ɓangare yana manne a allon na'ura. Lantarki zai bi ta wasu hanyoyi, awon ya fito ƙasa da gaskiya. Maganin shi ne a ɗaga ƙafa ɗaya da dalma. Na uku shi ne riƙe bakin wayoyin biyu da yatsu, domin jikin mutum ma hanya ce ta lantarki. Idan rezista mai om 100,000 ce, jikin kuma ya ba da 300,000, mitar za ta nuna 75,000 kawai.

Akwai kuma abin da ke rikita sababbin masu koyo wajen gwada dayod: a yawancin mitoci masu allura, idan ana kan om, baƙar waya ce ke ɗauke da ɓangaren tarawa na batir, saɓanin mita mai nuna lambobi.

Idan an gama aiki, a mayar da maɓallin kan kashewa ko kan matakin bolt mafi girma, don kada wayoyin su haɗu cikin jaka su shanye batir. Mai kaya kuma yana da haƙƙin ya nemi a gwada ɓangaren a gabansa kafin ya biya kuɗin sabo, ya kuma lura ko an daidaita sifiri tukuna.